Tiyon Ban-ruwa a Ƙofar Ɗakin Mahaifiyata

Shekarun baya, ina aji biyu a makarantar kwana ta 'yan mata, aka sallame mu hutun Babbar Sallah. Da na shigo gidanmu a Talata Mafara da akwati a ka, abin da idona ya fara sauka a kai ba mutum ba ne. Tiyo ne baƙi, irin wanda mahaifina ke zuƙo ruwa da shi daga kanal zuwa gonarsa ta alkama. An jona 'yan guntaye an shimfiɗa a ƙasa, sun zagaye ƙofar ɗakin mahaifiyata, an danne kowace mahaɗa da dutse. Daga ciki akwai tabarma, da sabuwar buta, da kwano da moɗa waɗanda aka ɗaura wa jan zare. Daga waje kuma ragon layya ne ɗaure a gindin dogon yaro, yana tuƙa.

Mahaifiyata na zaune a kan tabarmar, ta naɗe wuyanta da mayafi duk da zafin da ake yi. Na sauke akwati na durƙusa daga inda nake na gaishe ta. Ta amsa tana kallon ragon. Wannan bai ba ni mamaki ba, don haka muka saba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne muryar. Ta dusashe, ta koma kamar ana jan tsintsiya a kan tabarma.

Ga waɗanda suka taso a wannan zamani da uwa ke rungume ɗanta a bakin makaranta, sai na yi ɗan bayani. Ni ce 'yar fari, kuma a gidajenmu uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Ana yaye ni aka miƙa ni ga kakata ta wajen uba, wadda ta koma Bakura da zama bayan ruwan dam ɗin Bakolori ya cinye ƙauyensu na wajen Maradun. A hannunta na girma. Gidanmu na Mafara sai da hutu nake zuwa. Mahaifiyata 'yar Bakura take ce mini, shi ma ba a fuskata ba. Ina tsaye a gabanta za ta ce wa wani, a faɗa wa 'yar Bakura ta ɗebo ruwa. Ni kuma Yaya nake kiranta, yadda na ji ƙannenta na yi. Inna ta ƙannena ce.

Kuma mahaifiyata makitsiya ce, ta ji da gani. Idan Sallah ta matso, tsakar gidanmu cika take da mata, har daga Bakura da Maradun wasu ke biyo motocin kasuwa su zo. Ni ina raɓe a ƙofar madafa ina kallo. Na san yadda take lakato man shanu ta ajiye a bayan hannun hagu. Na san yadda take cije kibiyar tsaga da haƙora idan hannuwanta biyu na aiki, da yadda take cewa saura kaɗan alhali ko rabi ba a yi ba. Na san komai, sai dai ban san yadda hannun yake a kai ba. Nawa kitson kakata ke yi, ita kuma idonta ya yi rauni, tsagarta sai ta tafi kamar hanyar shanu. A makaranta har an san ni da shi.

Bayan la'asar mahaifina ya dawo daga gona, ya kira ni zaure ya yi mini bayani. Ni dai abin da aka aiko mini a makaranta shi ne an yi mata aiki a wuya, kuma an samu sauƙi. Ashe kumburin wuyanta da kowa ke ce wa maƙoƙo ba maƙoƙo ba ne kawai, ƙari ne mai mugun hali. Daga Sakkwato aka tura su wani babban asibiti can kudu. An cire ƙarin, amma likitoci suka ce akwai 'yan ɓurɓushi da wuƙa ba ta iya kaiwa gare su. Don haka aka ba ta wani magani na aidin, sinadarin nan da ake sa wa gishirin kanti, amma wannan mai ɗauke da haske da ido ba ya gani, dangin wanda ake ɗaukar hoton ƙirji da shi. Maganin yana bin jini ya je ya zauna a inda ɓurɓushin suke, ya riƙa ƙona su a hankali. Sai dai kafin ƙarfinsa ya ƙare, hasken yana fitowa daga jikinta, kuma ragowarsa na fita ta yawu da gumi da fitsari. Ba a son kowa ya daɗe kusa da ita, balle yara da masu juna biyu. Shi ya sa aka kwashe ƙannena aka kai wa gwaggona a Bakura, kakata kuma ta zo riƙon gida.

Na tambaye shi tiyon fa. Ya ɗan yi murmushi.

"Likita ya ce a bar tazara kamar tsawon mutum. To ban sani ba, dogon mutum yake nufi ko gajere. Sai na auna da kaina, na ƙara da nawa."

Ya ce sai Talata ta zagayo sau biyu zai ɗauke shi. Mahaifina da ranar kasuwa yake lissafin komai. Na yi nawa lissafin a zuci, na ga Talata ta biyu ita ce ana gobe jajibiri. Bayan Sallah kuma ba da jimawa ba zan koma makaranta. Ya ƙara da cewa bayan wasu watanni za su sake komawa kudu a ɗauki hoto, a nan za a san ko maganin ya ci ko bai ci ba. Ya faɗi wannan yana kakkaɓe laka daga ƙafar wandonsa, bai dube ni ba. Ban tambaye shi idan bai ci ba fa. Amma tun daga wannan lokaci wani tunani ya maƙale mini: matar nan za ta iya tafiya hannunta bai taɓa sauka a kaina ba.

Kada in yi muku ƙarya, a ranar farko abin da ya fi damuna daban ne. Ni 'yar aji biyu mai jin ta san kimiyya, na ɗauka wanda ya sha magani mai haske dole ya yi haske. Da magariba ta yi na zagaya bayan ɗakin na leƙa ta taga, ina sa ran ganin wuyanta na ƙyalli kore-kore kamar hannun agogon mahaifina. Ban ga komai ba sai mace tana lazimi. Da na juyo na ci karo da kakata riƙe da buta. Ta ce idan fitila nake nema, tana kan randa.

Aikin kai abinci ni ya faɗa wa. Mahaifiyata za ta turo kwanonta zuwa bakin tiyo ta koma, ni kuma in zo in juye tuwo da miya ba tare da ludayina ya taɓa kwanon ba, in ja da baya. Ita take wanke kayanta, ita take wankin tufafinta a wani baho daban. Mahaifina ya kewaye mata wani makewayi da zana a bayan ɗaki. Ragowar abincinta ko kaji ba a ba su, rami ake tonawa a binne. Kuma ragowar na da yawa, don ta ce komai ɗanɗanon ƙarfe yake mata.

Wannan kwano mai jan zare shi ya ja mana magana a unguwa. A wurinmu ba a ware wa mutum kwano sai kuturta ko tarin fuka. Mata suna zuwa dubiya, amma daga bakin zaure suke tsayawa, su jero sannu da ya jiki da Allah ya sawwaƙe, mayafi a kan hanci, su juya. Wata maƙwabciyarmu, wadda ba Sallar da ta taɓa wucewa kanta bai kwanta a cinyar mahaifiyata ba, ta ja kakata gefe ta tambaya ko abin yana kama mutum. Kakata ta ce mata magani ne ba cuta ba, kuma da yana kama mutum da ya fara da masu dogon baki. Matar ta yi dariya, amma ba ta sake shigowa ba.

To ga inda al'amarin ya zo da abin da ba wanda ya shirya. Mahaifina yini yake a gona. Ƙannena da ake aikowa da saƙo ba sa nan. Kakata kuma kunnenta ya yi nauyi, ba ta jin wannan dusasshiyar murya ko da a kusa, balle daga bayan tiyo. Ba wanda za a ce wa ya faɗa wa 'yar Bakura. Kwana na farko mahaifiyata ta haƙura da duk abin da take so. Washegari ina shara na ji ta yi gyaran murya sau biyu. Na tsaya da tsintsiya a hannu.

"Ke," ta ce, kamar kalmar ta ƙona mata baki. "Tsamiya."

An ce ta riƙa tsotsar abu mai tsami tana shan ruwa da yawa, don kada maganin ya taru a inda yawu ke fitowa. Na ruga madafa har ina tuntuɓe da turmi. Na zaɓo tsamiya mafi kyau, na ɓare, na cire jijiyoyin ɗaya bayan ɗaya, abin da ba wanda ya sa ni. Wannan ce magana ta farko da na san ta yi mini kai tsaye, kuma kalma biyu ce. Na yini ina maimaita ta.

Daga nan na mayar da aikina bakin tiyo. Idan tsintar shinkafa ce a nan, idan gyaran zogale ne a nan. Ina zama daga nawa ɓangaren, in ba ta gefe, kamar inuwa ce ta kawo ni. Ita kuma sai ta samo dabara. Ta fara ba ragon layya labari.

Ta faɗa wa ragon yadda suka yi zaman jira a kudu, saboda maganin ba a ajiye shi. Daga ƙasar waje ake kawo shi a jirgi, kuma tun daga ranar da aka haɗa shi ƙarfinsa ke raguwa, ko an sha ko ba a sha ba. Ta faɗa masa yadda aka hana ta kifi da gishirin kanti kafin a ba ta, ita da ta saba da kifin dam, wai don naman wuyan ya ji yunwar aidin, idan maganin ya zo ya wawure shi. Ranar da za ta sha, aka turo wata 'yar tukunyar dalma a kan keke, ƙarama amma sai ka ce turmi don nauyi. Ta zaci wani babban abu ne a ciki. Da aka buɗe, ƙwaya ɗaya ce tak. Ma'aikaciyar ta nuna mata da hannu ta haɗiye, kafin ta ajiye kofin ruwa kowa ya fice an rufe ƙofa. Kwanaki ta yi ita kaɗai a ɗakin. Kullum wani mutum yana zuwa ya tsaya daga nesa ya nuno ta da wata na'ura mai kuka kamar gyare, kuma kullum kukan na raguwa, har ranar da ya ce ta iya tafiya gida.

"Kai ba ka san hoto ba," ta ce wa ragon wata rana. "Ni na ga cikina. An kwantar da ni, wani faifan ƙarfe ya bi ta kaina a hankali tun daga goshi har ƙafa. Ga mutum nan duk toka-toka kamar hayaƙi, sai ɗigo ɗaya baƙi wuluk a wuya. Likita ya ce nan maganin ya sauka. In mun koma ba a ga ɗigon ba, to an gode Allah."

Rago ya ci gaba da tuƙa. Ni kuma da nake son tambaya, sai na bi hanyar da ta buɗe. Na dubi ragon na ce ko akwai zafi. Ta ce a faɗa wa mai tambaya babu zafi, sai kaɗaici. Haka muka yi ta hira ta bakin rago. Har yau idan na ga ragon layya ɗaure sai in ji kamar in gaishe shi.

Talata ta farko gwaggona ta shigo kasuwa daga Bakura, ta zo da autarmu, yarinyar da ba a daɗe da yaye ta ba. Niyyarta ta bar ta a zaure wajen kakata, amma yarinya ta zame. Tana hango uwarta ta ware hannuwa ta taho da gudu tana Inna, Inna. Mahaifiyata ta miƙe zumbur ta ja da baya har ta jingina da bango. Ta buɗe baki za ta tsawatar, muryar ta ƙi fita. Allah ya sa ina kusa, na cafko rigar yarinyar ƙafarta ɗaya na kan tiyo. Ta yi ta birgima a hannuna tana ihu, tana miƙa wa uwarta hannu.

Sai mahaifiyata ta zame ta zauna a kan tabarma. Ta tura hannuwanta biyu ƙarƙashin cinyoyinta ta danne su, ta kawar da kai tana kallon bango.

Na san wannan zama. Tun ina ƙarama, duk ranar da kakata ta kawo ni daga Bakura, haka nake samunta. Duk ranar da na dawo daga makaranta na durƙusa gaisuwa, haka take zaune, hannuwa a danne, ido a wani wuri. Ranar da na faɗo daga kan katanga na fasa haɓa, mata suka taru a kaina, ita tana gefe a zaune a kan hannuwanta. Ni duk shekarun nan na ɗauka salon zamanta ne, ko kuwa ni ce ban kai a tashi domina ba. Ban taɓa ganin ta yi wa wani ɗanta wannan zama ba sai ranar, da tiyo ya shiga tsakaninsu.

"Goya ta," ta ce mini, ba ta juyo ba. "Ki zagaya da ita. Tana son a bubbuga mata ƙafa."

Na goya ta na yi ta zagaya dogon yaro ina bubbuga 'yar ƙafar har ta yi barci. Gwaggona ta zaci kukan yarinyar ne ya sa ni hawaye, ta ce in bar shashanci, kwana nawa ne.

A yammacin na zauna na tsefe kaina, na wanke, na ɗaure da ɗankwali. Kakata ta gani.

"Mi ya kai ki tsihe kai tun yanzu? Taho in kama miki."

Na ce kaina ke ciwo. Washegari na ce bai bushe ba. Ranar da ta biyo na ce sai na gama wanki. Kakata ta ƙura mini wannan idon nata mai rauni, wanda ba ya ganin tsaga amma yana ganin sauran abubuwa. Ta ce lallai wagga ɗiya, boko ya buɗe miki ido, yanzu hannuna ya yi miki tsufa. Na sunkuyar da kai. Ba ta sake tayar da maganar ba. Ni kuma kullum ina shirya yadda zan roƙi mahaifiyata ta yi mini kitso, ina wanke-wanke ina gwada kalmomi. Da na zo bakin tiyo sai su gudu.

Talata ta biyu da hantsi, mahaifina ya ɗauke duwatsun ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe tiyon ya saɓa a kafaɗa, ya ce gona na jiransa. Inda tiyon ya kwanta ya bar shaida a ƙasa, wani siririn layi da tsintsiya ba ta taɓa ba. Muka tsaya muna kallon layin, ba wanda ya motsa. Kakata ce ta fara tsallakawa. Ta ɗauki moɗar nan da aka wanke, ta yi ta fama da jan zaren da 'yan haƙoranta har ya tsinke, ta kamfato ruwa a randa ta shanye. Ta ce ruwa dai ruwa ne. Da yamma aka dawo da ƙannena, suka haye jikin uwarsu kamar 'yan awaki a kan tudu. Ni ina tsaye daga wancan gefen layin, riƙe da tire.

Ranar jajibiri, tun da sassafe mahaifiyata ta share gindin dogon yaro. Ta fito da 'yar kujerarta, ta shimfiɗa tabarma a gabanta, ta jera kibiya da mataji da gwangwanin man shanu. Ta sauya mayafi, ta sa kwalli. Ta zauna.

Duk sallamar da aka yi a zaure sai ta ɗaga kai. Na farko yaro ne aka aiko aron turmi. Na biyu mai wasa wuƙa ne. Hantsi ya yi, azahar ta yi. Ta bayan katanga muna jin shewar mata a wani gida, inda wata yarinya da ta koyi tsaga a wajen mahaifiyata take ta fama da kawuna. Mahaifiyata ta sake jera kayanta, ta mayar da mataji dama, kibiya hagu. Can ta sake mayar da su yadda suke. Bayan la'asar na ga ta ɗauki murfin gwangwanin ta rufe.

Sai kakata ta yafa mayafi ta tattara ƙannena. Ta ɗaga murya yadda masu nauyin kunne ke yi, ta sanar da duk gidan cewa za ta gaisuwa bayan kasuwa, kuma ba ta dawowa sai an kira magariba. Da ta zo wucewa ta gabana ta rage murya, ko kuma ita a ganinta ta rage.

"Kai a tsehe ba ya zuwa Idi. Ni dai idona ya mutu, kowa ya sani."

Gida ya rage daga ni sai ita sai rago. Duk kalmomin da na tanada ba wadda ta zo. Na tsallaka layin, na je na zauna a kan tabarmar na ba ta baya, na zare ɗankwalina na riƙe a hannu. Ta gefen ido ina ganin hannuwanta a danne a ƙarƙashin cinya. Sai na ga na dama ya zaro, na hagu ya biyo. Na ji ƙarar murfin gwangwani.

Hannun da sanyi. Ta kwantar da kaina a gwiwarta. Na ji ƙamshin man shanu da tsamiya, na ji numfashinta a tsakiyar kaina. Da na ɗaga ido kaɗan na ga tabon aikin a gindin wuyanta, siriri kamar zare. Kitson bai kai waɗanda na saba gani a kan mutane kyau ba, don ƙarfinta bai dawo ba. Amma tsagar a miƙe take kamar an sa igiya. Da safe a hanyar Idi maƙwabciyar nan tamu ta ɗaga gefen ɗankwalina ta tambaye ni wa ya yi mini. Na faɗa mata. Ta duba ni sama da ƙasa, ta ga ban yi haske ba, ban faɗi ba. Bayan Sallah aka ce ita ta fara komawa kitso wajen mahaifiyata.

Sun koma kudu bayan watanni, aka ɗauki hoto, ba a ga ɗigon ba. Mahaifiyata ta rayu ta ga 'ya'yana, tana shan wata 'yar ƙwaya kowace safiya kafin ta karya, muryar kuma ba ta taɓa komawa daidai ba. Kada ku ɗauka daga ranar muka zama ƙawaye. Ina komawa hutu na gaba na tarar na koma 'yar Bakura, ana faɗa wa wani ya faɗa mini. Kitson nan shi ne na farko, shi ne na ƙarshe. Na bar shi a kaina har ya tashi ya yi buzu-buzu, sai da uwar ɗakin kwananmu a makaranta ta tsaya a kaina da mataji. Amma ban sake jin ciwon wannan zama nata ba. Idan na shigo na ga ta danne hannuwa, na san me ake dannewa.

Yanzu Allah ya yi mata rasuwa, kakata da mahaifina ma haka. Na ji an ce maganin ya yawaita, har an rage kwanakin da ake nisantar mutum. Na yi wa masu sha murna. Ni dai abin kunya ne in faɗa, amma kwanakin da aka hana kowa kusantar mahaifiyata su ne kwanakin da na fi kusa da ita, kuma akwai ranakun da nake kewar wannan baƙin tiyo.

Abin da na fi komawa gare shi shi ne kafin ta fara tsaga. Ta gama taje kan, ta cije kibiya, sai ta cire ta dubi ragon, ta tambaye shi wane iri ake so, manya ko ƙanana. Ta ce manya sun fi sauri, ga rana ta yi sanyi. Na dubi inuwar katanga, na ga da sauran lokaci kafin magariba. Wannan karon ban bi ta wajen rago ba.

"Inna," na ce, "don Allah ki yi mini ƙanana. Waɗanda suka fi daɗewa."